Injiniya Lawal, Mai Sa Injina Su Gaisa

"Sun gaisa?"

Duk wanda ya yi aiki a asibitinmu, ko na wata guda ne, ya san wannan tambaya, ya kuma san bakin da take fitowa. Injiniya Lawal ba ya ce maka ina kwana sai ya ji amsarta. Zai jingine tsohon babur ɗinsa a gindin darbejiyar ƙofar ɗakin kati, ya rataya jakar fatar nan tasa a wuya, ya leƙo ta taga ya yi sallama, sannan ya ce, "Sun gaisa?" In ka ce sun gaisa, sai ya washe baki: "Alhamdu lillahi. To, ina kwana, yaya iyali?" In kuwa ka ce ba su gaisa ba, ka haƙura da ina kwana ranar nan. Ko Dakta ne da kansa, wuce shi zai yi kamar bai gan shi ba.

Ku da kuka san shi kun san su wa ke gaisawar. Ga wanda bai sani ba, kwamfutoci ne. Asibitinmu na kuɗi ne, yana bakin hanyar da ta fita daga Daura ta nufi Baure. Dakta, mai asibitin, ya sayi kwamfuta huɗu a lokuta daban-daban, kowace daga wurin mutane daban. Ɗaya tana ɗakin kati, ɗaya ɗakin likita, ɗaya ɗakin gwajin jini, ɗaya ɗakin magani. Kowace ta san abin da ke cikinta, amma ba ta san na 'yar'uwarta ba. Aikin da aka kira Lawal ya yi shi ne ya haɗa su. In likita ya ce a gwada jinin mutum, ɗakin gwaji ya gani nan take. In sakamako ya fito, ya koma wa likita da kansa. In an rubuta magani, ɗakin magani ya sani kafin mara lafiya ya iso. Wannan shi Lawal yake kira gaisuwa.

Kuma duk ya raɗa musu suna. Ta ɗakin kati ita ce Gwaggo, don ta tsufa, sai an daɗe ana lallashi take farkawa. Ta ɗakin gwaji 'Yar Kano, wai girman kai gare ta. Ta ɗakin magani Alhaji. Ta ɗakin likita kuwa Ranka Ya Daɗe. Wallahi na sha ganinsa ya durƙusa gaban Gwaggo yana cewa, "Haba Gwaggo, ke ce babba. In 'Yar Kano ta yi rashin kunya, ke ki amsa mata mana."

Ni Haruna ne, masinjan asibitin a wancan lokaci. Shekara goma sha tara ina ɗaukar fayil daga wannan ɗaki zuwa wancan. Lawal taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, tare muka tashi muna jan ruwa a rijiyar Kusugu muna zubar da rabi a hanya. Shi ya yi boko har Zariya, ya yi aiki a Kano da Kaduna, sannan ya dawo gida saboda tsufan mahaifiyarsa. Ni kuwa daga allo sai gona, daga gona sai asibiti. Ban iya karanta sunan da ke jikin fayil ba. Nakan gane shi ne da yagewar gefe, ko tabon shayi, ko launin zaren da na ɗaure shi da shi.

Ranar da aka kawo Lawal, ina bakin ƙofa da farantin shayi na ji Dakta yana ce masa, "In ka gama haɗa su, ka ga ba mu da buƙatar mai yawo da takarda."

Mai yawo da takarda mutum ɗaya ne a asibitin nan. 'Ya'yana shida, ga tsohuwata a gida. Na ajiye shayin a hankali, ban zubar ba. Da aka tashi na tare Lawal a gindin darbejiya.

Na ce, "Lawal, kai da kake ɗan gwaggona, kai aka ɗauko ka cire mini tuwo daga baki?"

Ya ce, "Wane tuwo? Tun muna yara fura kake sha, shi ya sa ka ƙi tsawo."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Gobe ka zo da wuri, ka sa takalmin da ka saba sawa."

Kashegari ya fara bina. Jama'a, mako guda cur mutumin nan yana bayana kamar inuwa! In na ɗauki fayil na nufi ɗakin gwaji, yana nan a baya, leɓɓansa suna motsi. In na tsaya gaida wani, ya tsaya. In na shiga bayan gida, ya jira ni a ƙofa. Hajiya Binta, shugabar nas-nas, ta tambaye shi ko wani laifi na yi.

Ya ce, "Hajiya, Haruna ne wayar asibitin nan tun shekara goma sha tara. Kafin in ja sabuwa, sai na ga inda tsohuwa take bi."

Ashe takuna yake ƙirgawa. Lawal bai yarda da igiyar awo ba, wai ta kamfani ce, kamfani kuma so yake ka sayi waya da yawa. Da ya gama lissafinsa muka tafi shagon Oga Emeka a kasuwa, inda ake sayar da kayan wuta. Ya sa ni in yi ta taku a gaban shago, daga ƙofa zuwa kwata, daga kwata zuwa ƙofa, Emeka yana warware waya a bayana, mutane sun taru suna kallo.

Emeka ya ce, "Injiniya, ka ƙara ko yadi biyu, saboda tsaro."

Lawal ya ce, "Tsaron wa? Naka?"

Muka dawo, aka ja waya ta cikin silin. Ta kai ɗakin gwaji daidai. Ta kai ɗakin likita daidai. Da aka zo ɗakin magani, sai ta tsaya a sarari, saura kamu biyu ta kai tebur. Lawal ya juyo ya harare ni.

"Haruna, ka ci amanata. Me ya sami takunka?"

Na ce, "Ai ranar da ka ƙirga hanyar ɗakin magani, Hajiya Binta ce ta biyo ni da faɗa. In tana bayana, takuna yakan ƙaru."

Kowa ya ce a koma wurin Emeka a ƙaro. Lawal ya ce ba inda za shi. Ya dubi Malam Isiya mai ba da magani, wanda ya shekara goma sha biyu teburinsa yana bakin taga yana shan iska, ya ce, "Malam Isiya, matso."

"In matso ina?"

"Kusa da waya. Ita ba ta da ƙafa, kai kana da biyu."

Har yau teburin Malam Isiya yana tsakiyar ɗaki, ba iska ba komai. In ka tambaye shi dalili zai ce maka, "Je ka tambayi ƙafar Haruna."

Duk wannan dariya da ake yi, ni raina ba daɗi. Kowace waya aka ja, hanyata ce aka ɗauke. Ina riƙe masa tsani, ina miƙa masa ƙusa, ina taya shi gina abin da zai kore ni. Shi kuma ko sau ɗaya bai ce mini "kada ka damu" ba.

Sai ranar gwaji ta zo. Lawal ya kunna su duka, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya dawo yana murna: sun gaisa. Mara lafiya na farko da aka bi da shi ta sabuwar hanya shi ne Malam Audu, wani dattijo mai fataucin shanu daga garin Babban Mutum, gemunsa fari fat, gwiwa ke damunsa. Ya ba da kati, ya ga likita, aka rubuta masa magani, ya nufi wurin Malam Isiya. Dukanmu muka bi shi, har Dakta, don mu ga abin mamaki.

Muka kuwa gani. Malam Isiya ya danna, sai Alhaji ta yi ƙara, fuskarta ta yi ja. Ya sake dannawa, ta sake yin ƙara. Ya gyara tabarau, ya karanta, ya ɗago ya dubi Malam Audu, ya sake karantawa.

Dakta ya ce, "Me ta ce?"

"Ranka ya daɗe, ta ce kada a ba shi wannan magani."

"Don me?"

"Wai yana da ciki wata biyar."

Malam Audu ya saki sandarsa. "Wa? Ni?"

Malam Isiya ya ce, "Haka ɗakin gwaji ya aiko. Kuma an ce bara ka yi ƙyanda, nauyinka kilo tara."

"La'ilaha illallahu! Yaro, in ciki ne da ni, to na tuwon dawa ne, kuma tun jiya na sauka!"

Hajiya Binta ta toshe baki da mayafi ta fita da gudu. Dakta kuwa bai yi dariya ba. Ya ce wa Lawal injinansa sun haukace, ya zubar masa da mutunci gaban mara lafiya.

Lawal ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji ba ta ƙarya. Abin da 'Yar Kano ta gaya mata ta faɗa. 'Yar Kano kuma abin da aka rubuta mata ta riƙe."

Ni ina can baya, ban yi niyyar magana ba, sai na ji bakina ya ce, "Cikin na Ladi ne, matar ɗansa. Ƙyandar kuma ta jikansa ce, Sani ƙarami."

Duk suka juyo. Dakta ya ce, "Kai ina ka sani?"

"Ni na kai fayil ɗin, ranka ya daɗe. Duk da katin Malam Audu suka zo."

Ga yadda abin yake. Tun shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, Dakta ya raba layin karɓar kati, maza ta tagar gabas, mata ta tagar yamma, da 'yar katanga a tsakani. Kowa ya ji daɗin haka. Sai dai layin mata kullum ya ninka na maza sau uku, don su ne masu awo, su ne masu goyo. To mutumin da ya taso daga Babban Mutum tun da asuba, yana so ya kama motar komawa kafin azahar, me zai yi? Sai ya bi layin maza da katinsa, a ba shi lamba, ya miƙa wa matarsa ta saman katanga. Ita ta shiga da shi. Wani gidan kati ɗaya ne tun daga kaka har jika. Da can ba wanda ya damu, don likita fuska yake kallo, ni kuma in na ajiye fayil nakan raɗa masa, "Ba mai katin ba ne, surukarsa ce." Kwamfuta kuwa ba ta da ido, lamba kawai ta sani.

Lawal ya shiga ɗakin kati ya kwaso fayil ashirin ya zube a gabana. Yana ɗagawa ina faɗa. Wannan na mai shayin tasha ne, amma hawan jinin na uwarsa ne. Wannan na liman ne, karayar ta ƙanensa ce. Wannan mutum uku ne a ciki, ɗaya ma ya rasu. Har na gama ashirin ɗin ban tsaya ba.

Nan na ga abin da ban taɓa gani ba: Lawal ya daina wasa. Ya ce wa Dakta, "Yau dariya muka yi, don tsoho aka ce yana da ciki. Ranar da wata mai ciki ta zo da katin wani tsoho, Alhaji ba za ta yi ƙara ba, za ta ba ta maganin. Ranar da aka ƙara wa yaro jini da sakamakon kakansa, ba wanda zai yi dariya."

Ya ciro takardar da ya zana tsarin aikin, ɗakuna huɗu da layuka a tsakaninsu. Ya ɗauki biro ya zana ɗan akwati na biyar a bakin ƙofa.

"Nan tebur ne. Duk wanda ya shigo, a dubi fuskarsa, a dubi sunan da Gwaggo ta nuna. In ba su dace ba, a buɗe masa katinsa nan take. Wanda zai zauna a nan sai wanda ya san fuskokin ƙasar nan daga Daura har bakin iyaka."

Dakta ya gane inda aka nufa. Ya ce, "Haruna bai iya karatu ba."

"Zai iya."

"Ga yara masu takardar sakandare suna neman aiki."

"Mai takardar ya san Ladi daga Malam Audu?"

Dakta ya ce ya ba ni zuwa Babbar Salla. In na iya karanta suna da lamba, na iya bugawa, tebur nawa ne. In ban iya ba, in yi haƙuri. Wata huɗu ke nan.

Da muka fita na ce, "Lawal, ka haukace? Da furfurar nan zan zauna a benci ina a, ba, ca?"

Ya ce, "Furfurar ce za ta yi karatun? Ka bar ta a gida in ta dame ka."

Bayan la'asar ya ɗora ni a babur, bai tsaya ko'ina ba sai makarantar firamaren unguwarmu, inda ake ajin yaƙi da jahilci. Ya miƙa ni ga malamin kamar an kai akuya kasuwa, ya ce, "Ga shi nan. Yana da kai, taurin ne ya yi yawa." Kashegari ya kawo mini wani tsohon allon bugawa na kwamfuta da ya tsinto a juji a Kaduna, ya ajiye shekara da shekaru. Maɓallai bakwai sun fita. Lawal ya sassaƙa sakaina ya liƙa a gurbinsu, ya rubuta haruffan da biro. Na ce ko sabo zai saya mini. Ya ce, "Sabo ya fi wannan haruffa ne?"

Daga ranar kuma ya daina ce mini ina kwana. Sallama dai yana yi mini, don wannan haƙƙi ne. Amma in na ce, "Injiniya, ina kwana," sai ya ce, "Kai da Gwaggo kun gaisa?" In ce tukuna. Ya ce, "To." Ya wuce. Ɗan gwaggona, wanda muka ci a kwano ɗaya!

Ba ni kaɗai ya addaba ba. Ya ƙi sakin aikin. Ya kashe haɗin, kowace kwamfuta ta koma zaman kanta, ni na ci gaba da yawo da fayil. Dakta ya ce ya kunna, a sa wani a teburin kafin lokaci. Lawal ya ce, "Ban gama ba. Teburin Haruna yana cikin zane. Ba na miƙa aiki rabi."

Wata biyu ana haka, Dakta ya gaji, ya kira wasu injiniyoyi biyu daga Kano su ƙarasa. Suka zo da mota mai sanyi da takalma masu ƙyalli. Lawal ya tarbe su da fara'a, har ya riƙe musu tsani. Abin da bai gaya musu ba, ɓerayen silin ɗinmu sun taɓa cin masa waya sau ɗaya, shi kuma ya rantse ba za su ƙara ba. Ya daka barkono da ganyen darbejiya, ya kwaɓa da man juye na inji, ya shafe kowace waya tun daga farko har ƙarshe. Babban cikinsu ya hau, ya zura kai cikin silin. Muka ji atishawa ɗaya, biyu, biyar. Ya sauko idanu jajur, hawaye har wuya. Ƙaramin ya ce bari shi ya duba. Ya daure ya jawo wayoyin don ya karanta alamar da ke jiki. Maimakon lamba, sai ya ga an rubuta: "Daga Gwaggo zuwa Alhaji." "Daga 'Yar Kano zuwa Ranka Ya Daɗe."

Ya leƙo ƙasa yana share ido, ya ce, "Don Allah wace ce Gwaggo?"

Lawal ya ce, "Ka shiga gidan mutane ba ka san masu gida ba?"

Kafin azahar motarsu ta kama hanyar Kano. Sun ce wa Dakta aikin yana da kyau ƙwarai, amma wanda ya fara shi ne kaɗai zai iya gamawa.

Ni kuma ina can ina fama. Da rana yawo da fayil, bayan la'asar aji, bayan magariba 'yata Zulai tana kira mini sunaye ina laluben haruffa a kan sakaina. Wata rana harafi ya zauna, kashegari ya gudu. Sau biyu na ce na bari. Duka biyun na fito da safe na tarar da babur ɗin Lawal a ƙofar gida, yana zaune a kai. Na kuwa san in ban koma aji ba, a nan zai wuni.

Ana saura kwana uku Salla, Dakta ya sa aka ajiye tebur a bakin ƙofa, aka ɗora Gwaggo a kai. Lawal ya kunna haɗin. Ma'aikata suka taru. Dakta ya ce wa Hajiya Binta ta shigo da duk wadda ke gaba a layin mata. Wata mata ta shigo da jariri a baya, ta miƙo kati. Na karɓa. Na dubi lambar, na buga ta ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta yi tunaninta na tsofaffi, sannan rubutu ya fito. Na sa yatsa a ƙarƙashinsa, na bi shi a hankali.

"Au-du. Babban Mu-tum. Na-mi-ji."

Na ɗago kai. Na ce, "Ladi, yaushe kika yi gemu?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ladi ta rufe fuska ta ce, "Baba Haruna, wallahi Baba ne ya miƙo mini ta katanga, wai mota za ta tashi."

Na ce, "Motar ta jira. Yau za ki yi katinki, shi ma jaririn da nasa."

Na buɗe mata. Ya ɗauke ni lokacin da za a dafa shayi a sha a wanke kofi, amma ban yi kuskure ba. Dakta ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Teburinka ne." Ya koma ɗakinsa.

Lawal yana jingine da bango, yana wasa da igiyar jakarsa. Ya ce, "Sun gaisa?"

Na ce, "Sun gaisa."

Ya ce, "To, Haruna, ina kwana? Yaya iyali? Yaya Zulai? Yaya tsohuwa?" Gaisuwar wata huɗu ya zube mini a take, har da barka da ruwan da aka yi tun watan jiya.

Shekara shida ina kan teburin nan. Mutanen ƙauye sun saba, in sun hango ni sai ka ga ana musayar kati a layi tun kafin a iso. Lawal yakan zo duk Litinin ya duba mutanensa, ya sabunta barkono in damina ta wuce. Wasu asibitoci ma sun kira shi, har Katsina, ko'ina kuma sai ya fara da bin masinja.

Bara da kaka sai ya fara ramewa. Muka yi ta fama ya ga likita, yana cewa gajiya ce. Ran nan da safe ina ɗago kai sai na gan shi a layin maza, na tara daga gaba. Na yafuto shi ya zo. Ya girgiza kai: wanda ya tsara layi ba ya tsallake layi. Da ya iso ya miƙo kati yana kallon silin. Na buga lambar. Gwaggo ta kawo suna. Na karanta, na sake karantawa.

"Hajara Lawal. Mace."

Katin matarsa ne. Na ce, "Injiniya! Kai ma?"

Ya ce, "Rage murya mana."

"Ba zan rage ba! Jama'a, ku zo ku gani! Malam Isiya! Hajiya!"

Ya ce, "Haba Haruna. Tun bara ba ta yi ciwo ba, katin yana nan sabo fil a ƙarƙashin katifa. A bar shi ya lalace?"

Ashe mutumin da ya raba wa rabin ƙasar Daura kati, shi bai taɓa buɗe nasa ba. Malam Isiya ya fito daga tsakiyar ɗakinsa yana tafa hannu, ya ce yau Allah ya saka masa. Hajiya Binta ta ce a duba ko shi ma wata biyar ne.

Na buɗe masa kati. Ina bugawa yana tsaye a kaina: "Da yatsa biyu har yanzu? Shekara shida?" Na tambayi shekarunsa, ya rage uku, na mayar masa da su, don ni na san ranar sunansa.

Aka ɗebi jininsa. Ya zauna a benci har aka ce an gama, sannan ya tashi ya nufi ɗakin likita. Na bar teburin na raka shi, don tafiyar tasa ta zama a hankali. Muna shiga muka tarar sakamakon yana gaban Dakta, Dakta kuma ya cire tabarau ya ajiye, ya kasa ɗago kai. Hanta ce, kuma ta yi nisa. Lawal ya leƙa fuskar Ranka Ya Daɗe, ya karanta da kansa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya taɓa ni da gwiwar hannu.

"Ka gani? Ta riga mu isowa. Da kai ne, da yanzu kana hanya kana gaida mutane."

Wata biyu ya yi bayan nan. Aka kai shi Kano, aka dawo da shi gida, ya cika ranar wata Laraba da hantsi, Hajara da 'ya'yansa suna kusa. Jakar fatar ya ce a ba ni. Na buɗe, guntayen waya ne fal, ba wanda ya kai kamu ɗaya, kowanne a naɗe da kyau. A ƙasa kuma takardar zanen nan ce, da ɗan akwati na biyar a bakin ƙofa. Yanzu da na iya karatu na ga abin da ya rubuta a cikinsa tun ranar Malam Audu. Bai rubuta tebur ba. Sunana ya rubuta.

A cikin Gwaggo akwai wurin da ake dannawa in mai kati ya rasu. Hajiya Binta ta ce in bari ita ta yi. Na ce a'a, ni na buɗe, ni zan rufe. Na buga da yatsuna biyun nan da yake yi wa dariya. Ban tashi daga wurin ba sai da Malam Isiya ya leƙo daga ɗakinsa, ido ya cika, ya ce saƙon ya iso wurin Alhaji.

Allah ya jiƙan Lawal ɗan gwaggona. Allah ya yafe masa barkonon da ya sa wa bayin Allah a ido, ya sa wahalar da ya sha a kaina ta zama haske a kabarinsa. Ya rufa wa Hajara da yaran asiri kamar yadda ya rufa mini. Ya Allah, mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana haɗa waɗanda ba sa magana da juna. Ka sa mala'ikun rahama su tarbe shi da sallama, su gaisa. Amin.